Farin da ke dawowa kan ƙofar gilashin wanka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara uku ke nan da aka sa mana ƙofar gilashi a wurin wanka. Tana sabuwa har sai ka taɓa kafin ka san akwai gilashi a wurin, amma yanzu ta yi fari-fari kamar hazo, ga ɗigo-ɗigo tun daga tsakiya har ƙasa. Na wanke da sabulu, na sa bilic, na fesa maganin goge madubi. Idan tana jiƙe sai ta yi garau, da zarar ta bushe sai farin ya dawo. Wata ta ce in haɗa ruwan khal da bekin soda, wata kuma ta ce in dirje da soson ƙarfe. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin komai, don Allah kada soson ƙarfen nan ya taɓa ƙofar ko sau ɗaya. Tabon ruwa yana da magani, amma gilashin da aka ƙarje ya ƙarju ke nan. Na ga mutane da yawa da suka je neman gira suka rasa ido ta wannan hanya, kuma abin yana yi mini ciwo, domin yawancinsu ƙofofin nasu ba su kai ga lalacewa ba sai da aka dirje su.

A duk bayaninki, maganar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce wadda kika ce idan ƙofar tana jiƙe tana yin garau, ta bushe farin ya dawo. Wannan yana nuna fuskar gilashin ta daina zama sumul. Akwai wani kaushi a kanta, ƙananan tudu da kwari da ido ba ya iya rarrabewa, su ne ke warwatsa haske har ki ga kamar hazo. Idan ruwa ya kwanta a kai sai ya cike kwarin, haske ya ratsa kai tsaye, ki ɗauka aiki ya yi. Ruwan yana ƙafewa kaushin ya sake fitowa. Ke nan duk wankin da kika yi bai kai ga abin ba, jiƙa shi kawai ake yi.

Na daɗe ina aikin gilashi, da sa shi da gyara shi, kuma abin da na fahimta shi ne farin da ake kuka da shi ba abu ɗaya ba ne. Abubuwa ne mabambanta da suke hawa kan juna, kowanne da abin da ke narkar da shi. Wanda bai san da wanne yake faɗa ba, sai ya yi ta sayen magani yana ƙara ƙarfin hannu a banza.

Akwai dauɗar sabulu. Sabulun wanka na dunƙule da mai ko kitse ake yin sa, kuma shi kaɗai yana narkewa a ruwa lafiya lau. Matsalar tana tasowa ne idan ya haɗu da kalsiyam da magniziyam, wasu ma'adinai da ke narke a cikin ruwan. Sai su ɗaure da juna su zama wani abu mai kama da kaki, wanda ruwa ba ya narkar da shi. Ya haɗu da maiƙon jiki da man shafawa da man gashi, ya manne a gilashi. Idan kika sa farce kika karta, za ki ji shi da ɗan laushi, ya taru a ƙarƙashin farcen fari ko toka-toka. Wannan shi ne mafi sauƙi.

Sai ma'adinin ruwa, wanda nake kyautata zaton shi ne babban abin da ke damun ƙofarki. Ruwan da ya ratsa duwatsu a ƙarƙashin ƙasa yana ɗebo kalsiyam da magniziyam a narke. Kowane ɗigo da ya tsaya a jikin gilashi ya bushe, ruwan ya tafi sama, ma'adinin ya zauna. Shi ya sa tabon yake da siffar ɗigo, da ɗan zobe a gefensa, kuma shi ya sa ya fi yawa daga tsakiya zuwa ƙasa, inda ruwa ya fi fantsama kuma ya fi daɗewa kafin ya tsane. Abin da ke zaman, asalinsa ɗaya da dutsen da ake yin farar ƙasa da shi. Ana auna yawansa a cikin ruwa: bisa rabon hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ruwan da ke da miligiram 0 zuwa 60 a lita ɗaya mai laushi ne, 61 zuwa 120 matsakaici, 121 zuwa 180 mai yawan ma'adini, abin da ya haura 180 kuwa ya kai maƙura. Ba sai kin kai ruwanki ɗakin gwaji ba. Ki leƙa cikin butar da kike tafasa ruwa, idan akwai farin ɓawo a gindinta, ki duba ramukan kan shawa, idan sun fara toshewa da fari, ko kuma kin lura sabulu yana wahalar yin kumfa, to ruwanki mai ma'adini ne. Zafi kuma yana ƙara saurin zamansa, ga shi ruwan wanka sau da yawa mai ɗumi ne. Shi wannan idan kika shafa da yatsa za ki ji kaushi kamar yashi mai laushi, farce kuma ba ya ɗaga shi.

Yanzu za ki gane abin da ya sa magungunanki uku ba su yi aiki ba. Sabulu ba ya narkar da dutse, in ma na dunƙule ne ƙara dauɗa yake yi. Bilic aikinsa kashe ƙwayoyin cuta da funfuna da cire launi, ba shi da tsamin da zai ci ma'adini ko kaɗan. Maganin goge madubi kuwa yawancinsa ruwa ne da ɗan sinadarin da ke ɗauke sawun yatsa da ƙura. Abin da ke narkar da wannan ma'adini shi ne asid, wato abu mai tsami, kuma mara ƙarfi ma ya isa idan aka ba shi lokaci.

Nau'in farin na ƙarshe shi ne wanda ba a cika faɗa wa mutane ba, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki. Mun saba ɗaukar gilashi a matsayin abin da ruwa ba ya yi wa komai. Ba haka ba ne. Gilashin gini kusan kashi 70 cikin ɗari nasa silika ne, wato sinadarin yashi, sauran kuma akwai sodiyam da kalsiyam. Idan ɗigon ruwa ya daɗe zaune a kansa, a hankali yana janyo sodiyam daga fatar gilashin zuwa cikinsa. Yayin da sodiyam ɗin ke taruwa, ɗigon yana ƙara kaifi irin na ruwan toka, kuma idan ya haura 9 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin ruwa, sai ya fara cin silikar kanta. Yau a jiƙe, gobe a bushe, ga ɗumi, ga tururi, shekara da shekaru. Ƙarshenta fuskar gilashin ta zaizaye. A wannan matakin farin ba a kan gilashin yake ba, gilashin ne da kansa ya ciwu, don haka babu abin wankewa. Kusa da wannan akwai wani: wasu ruwaye suna ɗauke da silika a narke, ita kuma idan ta bushe a kan gilashi tana haɗewa da shi ne kamar jini ɗaya, ruwan khal ba ya motsa ta.

Saboda haka kafin ki wanke ƙofar duka, ki yi gwaji a wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu, inda farin ya fi muni. Ki wanke wurin da sabulun wanke-wanke na ruwa, ki ɗauraye. Ki jiƙa tishu mai kauri da farin ruwan khal tsagwaronsa, ki manna a wurin, ki bar shi minti 15 zuwa 20 ba tare da ya bushe ba. Ki cire, ki goga da soso mai laushi, ki ɗauraye, ki tsane da tsumma har ya bushe ƙarau. Sannan ki kashe fitila, ki haska da tocilan daga gefe, ba daga gaba ba. Idan kika ga wurin ya yi fes kamar an buɗe taga a tsakiyar hazo, to alhamdu lillahi, ma'adini ne, ƙofarki za ta dawo. Idan ya ragu amma bai tafi duka ba, ɓawon ne ya yi kauri, sai an maimaita. Idan kuwa sau uku kika yi babu abin da ya canza, wurin ya yi tsaf har yana yin ƙara idan kin goga yatsa amma hazon yana nan, to an kai matakin zaizaya ko silika, zan dawo kan wannan. A shekara uku, na fi sa ran gwajin zai ba da sakamako na farko ko na biyu.

Ga yadda nake yin wankin kansa. Farin ruwan khal na kasuwa yawanci kashi 5 cikin ɗari ne na asid. Ki zuba shi a robar feshi, rabi shi rabi ruwan ɗumi, ki ƙara ƙaramin cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa. Sabulun nan yana da aiki biyu. Yana sa ruwan ya ɗan maƙale a jikin gilashi maimakon ya gangare nan take. Sannan idan asid ya warware dauɗar sabulu, abin da ke saura maiƙo ne, shi kuma sabulun wanke-wanke ne ke ɗauke shi. Ki buɗe taga, ki sa safar hannu. Ki fara watsa wa ƙofar ruwa domin ƙura da yashi su sauka, ki fesa daga sama zuwa ƙasa, ki bari minti 10 zuwa 15. Idan kin ga wani wuri zai bushe ki sake fesawa. A ƙasan ƙofar, inda ɓawon ya fi kauri, ki yi dabarar tishun nan da ruwan khal tsagwaro, ki jera su kamar ana liƙa takarda a bango, su yi rabin awa.

Haƙuri ne ke yin aikin nan, ba damtse ba. Asid yana buƙatar lokaci ya ci ma'adinin daki-daki. Kuskuren da na fi gani shi ne a fesa a goge nan take, a ce bai yi ba. Bayan lokacin ya cika ki goga da farin soso mai laushi ko tsumman maikurofaiba, wato tsumma mai laushi mai siraran zare, ki ɗauraye da ruwa mai yawa, sannan ki busar. Kada ki bar ruwan ɗaurayar ya bushe da kansa, domin shi ma yana ɗauke da ma'adinin da kika gama cirewa. Tabon shekara uku zai iya neman zagaye biyu ko uku, ko a yi shi cikin kwana biyu. Wannan ba alamar gazawa ba ce.

Idan warin ruwan khal yana damun ki, garin sitirik asid, wato sinadarin da ke ba lemun tsami tsaminsa, yana yin aikin kuma ba shi da wari. Babban cokali biyu a rabin lita na ruwan ɗumi ya isa. Ni kaina shi na fi amfani da shi a ƙananan banɗakuna marasa taga.

Game da shawarar haɗa ruwan khal da bekin soda: kowannensu yana da amfani, amma haɗa su a kwano ɗaya kashe su ne duka. Ɗaya mai tsami ne, ɗaya kishiyar tsami. Kumfar da ke tashi tana burge ido, amma ita ce shaidar cewa sun cinye ƙarfin juna, abin da ya rage ruwa ne da ɗan gishiri. Idan za ki yi amfani da bekin soda, ki yi shi daban. Ki kwaɓa shi da ruwa kaɗan ya yi kauri, ki shafa a dauɗar sabulu mai taurin kai, ki murza a hankali da tsumma mai laushi, ki ɗauraye tas, sannan ki zo da asid.

Akwai haɗin da ya wuce ɓata magani, ya kai ga barazana ga rai, kuma dole in ja miki kunne tun da kin ambaci bilic. Bilic da ruwan khal, ko da kowane irin asid, suna fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Bilic da amoniya, wadda ke cikin wasu magungunan goge madubi, su ma suna fitar da iska mai guba. Wurin wanka ɗan ƙaramin akurki ne, kuma kina tsugune ne a ciki kanki kusa da ƙasa. Ba sai an zuba su a roba ɗaya ba, ya isa a ce ragowar bilic tana kwance a ƙasa asid ya gangaro kanta. Ranar da kika yi aiki da ɗaya, kada ki taɓa ɗayan. Idan kuma tsautsayi ya sa kika ji wari mai shaƙe numfashi, ki fita nan da nan, ki bar ƙofa da taga a buɗe, in tari ko ƙuncin ƙirji ya ci gaba a tafi asibiti.

Ki kuma duba abin da ke kewaye da ƙofar kafin ki fesa komai. Idan ƙasa ko bango ko dokin ƙofar na dutsen mabul ne, ko wani dutse danginsa, asid zai cinye shi, domin sinadarin da ke cikin mabul shi ne dai wanda muke so mu narkar a kan gilashi. Na koyi wannan ne da tsada ina sabon hannu. Na gama wanke wata ƙofa ta yi kyau, na ɗaga tsummana daga kan dokin ƙofar na baƙin mabul, sai ga layuka uku farare sun dusashe, daidai inda ruwan ya gangaro ya tsaya. Na shafa, babu datti, ƙyallin dutsen ne ya tafi, sai da aka kira mai goge dutse da inji. Tun daga ranar ba na fara aiki sai na shimfiɗa leda da tsohon tawul a ƙasa. Idan wurinki mabul ne, kada ki fesa, ki jiƙa tsumma ki matse ki shafa, ko a cire ƙofar a wanke ta a waje. Tayil mai sheƙi ba ya damuwa da ruwan khal, amma simintin da ke tsakanin tayil yana ciwuwa idan asid ya daɗe a kai, don haka a ɗauraye shi sosai.

Bari in koma kan soson ƙarfe, domin ina so ki san dalili, ba hani kawai ba. Akwai ma'aunin taurin abubuwa da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, kuma ƙa'idarsa ita ce mai tauri yana karce wanda bai kai shi ba. Gilashi yana wajen 5.5. Farce da bekin soda suna wajen 2.5, shi ya sa ba sa yi masa komai. Ma'adinin da ke kan ƙofarki 3 ne. Yashi kuwa 7 ne, don haka ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a tsumma ta isa ta ja layi daga sama har ƙasa. Koren soson nan mai kaushi da ke bayan soson wanke-wanke, da yawansa an barbaɗa masa wani sinadari mai taurin 9. Na taɓa shiga wani gida na tarar da ƙofar da aka dirje da irinsa. Daga nesa lafiya lau. Da na haska tocilan daga gefe, sai ga zagaye-zagaye birjik kamar saƙar gizo, kowane juyin hannu ya bar sawunsa, kuma farin da ake son cirewa yana nan a tsakaninsu. Mai gidan ta tsaya tana kallo ba ta ce komai ba. Karcen nan kuma ya zama maɓoyar sabon datti.

Reza ma ban ba ki shawararta ba. Ƙofar wanka da gilashi na musamman ake yin ta, wanda aka gasa a wuta har wajen digiri 620 a ma'aunin Selsiyos sannan aka huce shi da iska farat ɗaya. Wannan yana sa ya fi gilashin taga ƙarfi sau huɗu zuwa biyar, kuma idan ya fashe yana wargajewa ne ƙanana-ƙanana maimakon manyan tsini masu yanka. Ki duba kusurwar ƙofarki, za ki iya ganin ɗan hatimi mai lamba irin EN 12150 ko ANSI Z97.1, shi ne shaidarsa. Amma gashin bai ƙara wa fuskarsa juriyar karce ba. Wani lokaci ma ƙananan ɓurɓushin gilashi suna mannewa a fuskarsa tun a masana'anta, reza ta tsinko su ta ja su, su yi zane. Raunin wannan gilashi yana gefensa. Ki kiyaye kada bokiti ko ƙarfen buroshi ya doki bakin ƙofar lokacin wanki. Idan kin ga ɓantare a gefe, ko ƙofar ta fara sauka tana gogar tayil, a kira mai gyara da wuri, domin irin wannan ne ke sa a wayi gari ƙofa ta tarwatse ba wanda ya taɓa ta.

Haka nan ki nisanci maganin wanke masai mai ƙarfi, ko da an ce miki yana cire fari nan take. Yana cirewa, amma yana cin hinji da firam da simintin tayil, hayaƙinsa kuma yana da illa. Mafi muni su ne wasu magungunan cire tsatsa da na wanke ƙafafun mota masu ɗauke da asid ɗin da ake taƙaita sunansa da HF. Shi wannan gilashin kansa yake narkarwa, kuma yana ratsa fata ya yi mummunar illa tun mutum bai fara jin zafi ba. Bai kamata ya shiga gida ba sam.

To idan gwaji ya nuna zaizaya ce fa? Idan ba ta yi zurfi ba, ana iya goge gilashin da wani gari da ake kira seriyam oksaid, a kwaɓa da ruwa a murza da inji mai kan ƙyalle, a cire wata siririyar fata daga fuskarsa. Aikin gwani ne, domin idan aka daɗe a wuri ɗaya gilashin yana zafi, kuma yana iya yin ɗan kwari har abin da ke bayansa ya riƙa bayyana a karkace. Idan ta mamaye rabin ƙofa, gaskiya sauya gilashin ya fi. Ba na son a yi ta ɗora wa mutum rai yana kashe kuɗi a kan abin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Abu ɗaya da ya kamata ki bincika: wasu ƙofofin suna zuwa da wani shafi marar launi daga masana'anta wanda ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Idan taki irinsu ce, ki bi abin da takardarta ta ce, domin abu mai kaushi yana kankare shafin, har da farin soson nan mai kama da katifa da ke ƙarewa yayin da ake goga shi.

Sauran sassan ƙofar ba su da wuya. Hinji da mariƙi da firam na alminiyom, ki shafe su da ruwan khal mai sirki, minti biyu ko uku kawai, ki ɗauraye ki busar, domin asid yana dusar da launinsu idan ya daɗe, musamman baƙi da mai ruwan zinare. Kwararon da ƙofa mai turawa ke gudu a kai, tsohon buroshin haƙori ya ishe shi, kuma ki tabbatar ƙananan ramukan da ruwa ke fita ba su toshe ba. Robar da ke ƙasan ƙofa yawanci zare ta ake yi, ki jiƙa ta a ruwan ɗumi da sabulu, in ta yi tauri ko ta koma rawaya a sayi sabuwa. Yauƙin nan mai ruwan hoda da ke fitowa a lungu ƙwayar cuta ce mai suna Serratia marcescens, tana rayuwa a kan ragowar sabulu da danshi. A nan ne bilic mai sirki yake da amfani, a kan yauƙin da kuma baƙar funfuna, a ranarsa daban. Idan baƙin ya shige cikin silikon ɗin da aka liƙe gefe da shi, ba zai fita ba, sai a yanke a sa sabo.

Duk wannan dogon bayani a kan gyaran abin da ya riga ya faru ne. Abin da zan fi so ki riƙe ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba: kada a bar ruwa ya bushe a jikin gilashin. Ma'adini ba ya zama sai ɗigo ya ƙafe. Zaizaya ba ta farawa sai ɗigo ya daɗe. Ki nemi waifar hannu, irin ta goge taga mai bakin roba, ki rataye ta a cikin wurin wankan inda hannu zai kai. Wani ɗan Italiya mai sana'ar goge tagogi a Amurka, Ettore Steccone, shi ya fito da irinta ta zamani mai bakin roba guda a 1936, kuma har yau a sana'armu babu kayan aikin da ya kai ta amfani. Wanda ya yi wanka, kafin ya fito, ya watsa wa gilashin ruwa kumfa ta sauka, ya ja waifa daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, kowane layi ya ɗan hau kan na baya. Bai kai minti ɗaya ba. Na sha komawa gidajen da na sa wa ƙofa shekaru da dama baya, kuma tun daga bakin banɗaki nake gane inda ake jan waifa da inda ba a ja, ko da ruwansu iri ɗaya ne.

Wahalar ba a jan ba ce, a sa kowa a gidan ya saba ne. Ki nuna wa yara da hannunki, yawanci suna son abin. In wani ya manta, na bayansa ya ja.

Bayan wanka a bar ƙofar a ɗan buɗe, taga ma haka, in akwai fankar zuƙe tururi a bar ta tana aiki kamar minti 20. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar danshin cikin gida ya kasance ƙasa da kashi 60 cikin ɗari domin hana funfuna, banɗaki kuwa ba ya sauka zuwa nan sai iska tana ratsa shi. Idan iyalinki za su yarda su koma sabulun wanka na ruwa, dauɗar sabulu za ta ragu ƙwarai, domin yawancinsa ba ya ɗaurewa da kalsiyam kamar na dunƙule. Sau ɗaya a mako ki fesa ruwan khal mai sirki, minti biyar, ki ɗauraye ki ja waifa. Bayan ƙofar ta yi tas kina iya shafa mata maganin da ke sa ruwa ya zame, wanda aka yi domin gilashin wanka. Yana taimakawa na wasu makonni ko watanni, amma bai ɗauke miki jan waifa ba, kuma kada ya zuba a ƙasa domin yana sa santsi. Idan ruwanku ya kai maƙura wajen ma'adini har yana toshe famfo da na'urar ɗuma ruwa, akwai na'urar da ake sa wa a bututun shigowa, mai aiki da gishiri, tana musanya kalsiyam da magniziyam da sodiyam. Tana magance farin ɓawo, amma ba ta cire silika.

Tsumman maikurofaiba da za ki riƙa ƙarasa gefe da hinji da shi, ki ware shi domin gilashi kaɗai, kada ya taɓa ƙasa, kuma kada a wanke shi da ruwan laushin tufafi, domin yana toshe zarensa ya riƙa barin maiƙo. Bakin robar waifa kuma ki riƙa shafa shi da yatsa lokaci-lokaci. Ranar da kika ga ta fara barin siririn layin ruwa a bayanta, robar ta tsage ko ta yi tauri, sai a sauya ta.